Dodannin fim na roba suna danƙo da karkacewa a zafin Kano: yaya ake ajiye su?

Ɗan_Gwale:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu tara dodannin fim. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. Dodanni tara gare ni yanzu: Godzilla huɗu na kamfanin Bandai irin na roba mai laushi, King Ghidorah mai kai uku ɗaya, Gamera ɗaya, Kong biyu na Playmates, sai guda na jerin S.H.MonsterArts, mai gaɓoɓi masu motsi, wanda na bari a kwalinsa saboda tsoron ƙura. Duk suna kan kanta ta katako a ɗaki mai rufin kwano da silin, tagar tana kallon yamma.

Tun da bazara ta shigo biyu daga cikin Godzillan suka fara sunkuyawa gaba, ɗaya ma sai an jingina shi da bango yake tsayawa. Wuyan Ghidorah na tsakiya ya lanƙwashe gefe. Na cikin kwalin kuwa, jikinsa danƙo yake kamar an shafa masa zuma, alhali ko hannu bai taɓa shi ba. Ga ƙurar hunturun bana ta shige tsakanin ƙayoyin bayansu ta zauna daram, tsumma ba ya kai mata.

Ina so in ba da aikin shogilas, amma ban san awon da zan ba mai aluminiyam ba, ko kaurin gilashi, ko irin fitilar da ba za ta ƙara musu zafi ba. Sannan waɗanda suka riga suka karkace, suna gyaruwa ko shi ke nan? Allah ya saka da alheri.

Sofubi_Fagge:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, duk abin da ka lissafa yana gyaruwa muddin fenti bai ɓantare ba. Amma sai ka fara sanin da me aka yi kowannensu.

Na Bandai ɗin nan, jerin Movie Monster Series, robar PVC ce mai laushi, cikinsu kuma rami ne fayau. Mutanen Japan suna kiran irinsu sofubi, tun 1966 kamfanin Marusan ya fara fitar da dodanni da ita. S.H.MonsterArts, wanda ya fara fitowa a 2011, haɗi ne: yawancin jiki PVC, wasu sassan kuma ABS mai tauri. Ita PVC a asalinta tauri gare ta, irin na fayif ɗin ruwa. Don ta yi laushi ake zuba mata wani sinadari mai maiƙo, shi kuma sinadarin ba ya zama a cikinta har abada. A hankali yake tsattsafowa, zafi kuma yana hanzarta shi. In dodon yana fili, iska tana tafiya da abin da ya fito. In yana ƙunshe cikin kwali da leda, ba shi da wurin zuwa, sai ya kwanta a kan fenti. Danƙon da ka gani ke nan. Ɓoye shi a kwali a ɗaki mai zafi shi ya jawo.

Ga yadda za ka wanke shi. Zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi lita biyu a roba, wanda hannu zai zauna a ciki ba tare da jin ƙuna ba, ka ɗiga ƙaramin cokali ɗaya na sabulun wanke-wanke na ruwa. Jiƙa dodon awa biyu zuwa uku. Sannan ka bi jikinsa da buroshin haƙori na yara, mai laushi sosai, kana bin tsagin fatar ba kana gogewa da ƙarfi ba. Ido, haƙora da cikin baki da yatsa kawai za ka shafa, fentin wurin bai da kauri. Ɗauraye sau biyu, ka daddanna da tawul, ka bar shi a inuwa kwana biyu kafin ka motsa gaɓoɓinsa. In danƙon bai gama fita ba ka maimaita, kada ka ce bari ka ƙara ƙarfin magani. Fetur, kananzir, tina, sifirit da abin goge jan farce duk ka nisanta su. Tina da abin goge farce suna narkar da ABS, sauran kuma suna cin fenti ko su dusashe shi. Garin omo ma ban so, ƙwayoyinsa suna karce wurare masu sheƙi.

Sunkuyawa kuwa nauyi ne da zafi. Kai da ƙirji suna gaba, idon sawu rami ne, da robar ta yi laushi a zafin Afrilu sai ta riƙa ba da kai kaɗan-kaɗan. Gyaransa da ruwan zafi ne, wajen digiri 60. In ba ka da ma'auni, haɗa kofi ɗaya na tafasasshen ruwa da kofi ɗaya na ruwan famfo, daidai wa daida, zai kawo ka kusa da haka. Tsoma ƙafafun zuwa gwiwa daƙiƙa 40 zuwa 60, fitar da shi ka tsayar a kan tayil, ka danna tafin ƙafar biyu su zauna ƙasa sosai, ka ɗan ja ƙirjin baya fiye da yadda kake so don zai ɗan dawo. Kana riƙe da shi a haka ka mayar da ƙafafun cikin ruwan sanyi minti biyu. Ruwa yana shiga cikin ramin ta mahaɗar ƙafa da ta wutsiya, don haka ka girgiza shi, ka kifa shi ya tsane. In ka bar ruwa a ciki zai yi wari ya yi funfuna.

Wuyan Ghidorah kada ka tsoma shi. Fentin ruwan gwal yana saurin dusashewa. Yi amfani da na'urar busar da gashi, a ƙaramin zafi, tazarar santimita 20, kana yawo da ita kada ta tsaya wuri ɗaya. Daƙiƙa 30 ya isa. Miƙe wuyan, ka lulluɓa masa jiƙaƙƙen tsumma mai sanyi har ya kama.

Abu ɗaya dai: in ka mayar da su wannan ɗakin a kan wannan kantar, kafin damina ta sauka sun sake sunkuyawa. Tagar yamma da rufin kwano su ne ciwon.

Mai_Aluminiyam_KofarRuwa:

Malam Ɗan Gwale, ga ɓangaren shogilas. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ba da awon shogilas ɗin kwanuka ko na shagon turare, mai zurfin santimita 25 ko 30. Dodo ba tsayinsa ne ke cin wuri ba, wutsiyarsa ce. Godzilla mai tsayin santimita 16 yana iya kai 30 ko fiye daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya, Ghidorah kuma faɗin fukafukai gare shi. Ɗauki tef ka auna mafi tsawonsu da mafi faɗinsu kafin ka je wurin mai aiki.

Ga awon da zai ɗauki guda tara ya bar maka wurin ƙari: tsayi santimita 170, faɗi 80, zurfi 45. Hawa huɗu. Tsakanin hawa santimita 30 ga ƙananan, amma ka bar na ƙasa ya kai 45 ko 50, saboda ranar da za ka sayi babba irin na kamfanin X-Plus mai santimita 30. Ka ce a sa maka ƙarfen gefe mai huda-huda wanda ake ɗaga hawa ko a sauke shi, kada a manne hawan da gam. Faɗi kada ya wuce 80 in babu tallafi a tsakiya.

Gilashin hawa milimita 6 ya wadatar da dodannin roba, ba su da nauyi. In akwai niyyar ɗora na resin (wata roba mai tauri da nauyi), wanda guda ɗaya kan kai kilo da yawa, to hawan nan ya zama milimita 8 ko 10, ko kuma a ajiye shi a ƙasa kan katako. Gefe da ƙofa milimita 5 ya yi. Kada ka yarda da milimita 3 ko 4 na taga a matsayin hawa, ko an ce maka ya fi sauƙin kuɗi. A goge bakin kowane gilashi, don ɗanyen baki yana yanka hannu, daga nan ne kuma tsagewa take farawa. Gilashi yana da nauyin kilo 2.5 a kowace murabba'in mita ga kowane milimita ɗaya na kauri, wato hawa ɗaya na 80 da 45 mai milimita 6 ya haura kilo 5 shi kaɗai. Tara su duka da ƙofa, ka ga dalilin da ya sa dole a ɗaure saman shogilas ɗin da bango da ƙarfe biyu masu kusurwa da sukuru. In da yara a gidan wannan ba abin jinkirtawa ba ne, kuma a sa makulli.

Ƙofa mai zamiya ta fi arha kuma ba ta cin wuri, amma tsakanin gilasanta biyu akwai rata, ta nan ƙurar hunturu take shiga kamar ba a rufe ba. Yi ƙofa mai buɗewa da hinji, a zagaye bakinta da robar ƙofa ko gashin nan da ake sa wa tagar aluminiyam. Gwaji mai sauƙi kafin ka biya cikon kuɗi: sa takarda a bakin ƙofar ka rufe, ka ja. In ta zare ba tare da ta riƙe ba, ƙura ma za ta wuce. Gwada sama, tsakiya da ƙasa.

Baya a yi shi da filawud mai milimita 9 ko 12, ba allon garin katako ba, wanda yake kumbura da ya sha laima. A ɗaga ƙasan santimita 10 daga daɓe saboda ruwan mofa da gara. In an yi wa katakon fenti ko banish, a bar shi a buɗe mako biyu zuwa uku kafin a sa komai, don tafin ƙafar roba yana mannewa da sabon banish ya kwaso shi. Silikon ma haka. Mai warin tsami ɗin nan a bar shi ya sha iska mako guda. Sannan a toshe kowace kafa, iska ko kaɗan kada ta shiga.

Anti_Mothra:

Sannunku da ƙoƙari. Malam mai aluminiyam, awonka ya yi daidai, amma jimlarka ta ƙarshe ban yarda da ita ba. In aka toshe shogilas ruf a Kano, an sake gina kwalin nan ne da ya jawo danƙo, sai dai wannan babba ne kuma na gilashi. Daga Maris zuwa Mayu zafin gari yana haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano yana riƙe shi har dare, akwatin gilashi da hasken rana ya taɓa kuma ya fi ɗakin zafi. Abin da ake so shi ne iska ta wuce, ƙura ta tsaya a waje.

A huda bayan filawud ɗin wuri huɗu, faɗin kowace huda santimita 5, biyu can ƙasa biyu can sama. Iska mai zafi tana fita ta sama, mai ɗan sanyi ta shigo ta ƙasa. Ragar sauro kaɗai ba ta isa ba, tana tare ƙwaro ne, ƙurar hunturu ta fi idonta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A manna ragar daga waje, daga ciki kuma a sa ƙyallen takunkumin asibiti ninki biyu, a riƙe shi da tef. Lokacin hunturu a canza shi duk wata, za ka ga ya koma ruwan ƙasa. A bar tazarar santimita 5 zuwa 8 tsakanin shogilas da bango don hudojin su yi aiki. Bangon kuma ya zama na cikin gida, ba wanda ranar yamma take dukansa daga waje ba. Ɗora tafin hannunka a bangon da ƙarfe biyar na yamma, in ka ji ɗumi, nemi wani. Sayi ƙaramin ma'aunin zafi da laima mai batir ka ajiye a hawan sama, nan ne ya fi zafi. In yana yawan wuce 35, sauke masu laushin zuwa hawan ƙasa, ka riƙa buɗe ƙofar minti 15 da asuba.

Ita ƙurar hunturu ba irin ƙurar ɗaki ba ce. Garin ƙasa ne da iska take kwasowa daga Sahara, da yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma yana da kaifi. Goge shi da busasshen tsumma daidai yake da bin fenti da sanfefa mai laushi. Fara hure shi da 'yar robar hura iska ta masu kyamara, sannan ka bi tsakanin ƙayoyin da buroshin hoda na kwalliya, sabo wanda bai taɓa hoda ba, daga kai zuwa wutsiya. Lungun da ya ƙi, auduga mai tsinke da aka ɗan jiƙa.

Ga wanda maza ba su cika lura da shi ba: turaren wuta. Hayaƙinsa mai ne, yana kwanciya a jikin roba, ƙura ta zo ta manne a kai ta zama wani baƙin danƙo da buroshi ba ya cirewa sai wanki. Haka hayaƙin maganin sauro na kunnawa da na janareto. In za a turara ɗakin ko a fesa maganin ƙwari, a rufe ƙofar shogilas, a rataya zane a kan hudojin, sai bayan awa ɗaya a cire. Kada a fesa komai a ciki, kada kuma a jefa ƙwallayen kafur, tururinsu yana taɓa wasu robobin.

Fitila: LED mai tsiri ta bolt 12, ƙaramar nan mai cin wat 4.8 a kowace mita. Hawa huɗu sau santimita 80 mita 3.2 ke nan, wajen wat 15, adafta mai amfiya 2 ta ɗauka da rara. Akwai mai cin wat 14.4 a mita, haskenta ya fi, amma tana ɗumama akwati, ku bar ta. A manna tsirin cikin kwararon aluminiyam a gaban kowane hawa yana haska ciki, don in daga sama kaɗai hasken yake fuskar dodon duhu take yi. Fari mai matsakaicin launi, wajen 4000K, ya fi nuna fatar Godzilla yadda take. Mai shuɗi-shuɗin nan yana kashe launin gwal na Ghidorah. Adaftar ta zauna a waje, ita ce mai zafin, kuma a cire ta daga soket in ba a kallo, saboda yadda wuta take dawowa da ƙarfi.

Da damina, musamman Agusta, laima ce matsalar, amma ta fi cutar da kwalaye fiye da robar. Ƙunshin silika mai shan laima biyu ko uku a hawan ƙasa sun isa. Da hunturu a cire su, iskar ta riga ta bushe.

Mai_Aluminiyam_KofarRuwa:

Gaskiyarki Hajiya, na karɓi gyara. A toshe bakin ƙofa da kusurwoyi, a bar numfashi ta baya. Sai dai a huda filawud ɗin tun kafin a ɗaura shi, in an huda bayan an haɗa garin katako zai cika cikin.

Ɗan_Gwale:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura tambaya biyu. Ana tallan Godzilla na kamfanin NECA da na S.H.MonsterArts a intanet da araha sosai, yaya ake gane jabu? Kuma in zan yi odar babba na X-Plus, me ya kamata in sani game da kawo shi Kano? Sannan tun da na fito da shi daga kwali, wutsiyar S.H.MonsterArts ɗin tana yawan zarewa daga gaɓa ɗaya.

Sofubi_Fagge:

Fara da wutsiyar, ita ce mai sauƙi. Gaɓoɓinta ƙwallo ne da rami. In ta zare, ɗumama ɓangaren ramin da na'urar busar da gashi daƙiƙa 15 zuwa 20, ka tura ƙwallon a miƙe har ka ji ya shige. Kada ka tura da sanyinsa, sandar ƙwallon ce take karyewa, ita kuwa gyaranta wahala ne. In ramin ya saki, shafa wa ƙwallon farin gam na kafinta siriri da tsinken sakace, ka bar shi ya bushe tsaf kafin ka mayar, zai ƙara masa kauri. Sufa gulu ka bar shi: yana daskarar da gaɓa, tururinsa kuma yana barin farin tabo a fenti.

Jabu kuwa, farashi ne shaidar farko. NECA ta daina yin Godzilla tun 2020, don haka shagon da yake da su sababbi fil, kowane iri, ko nawa kake so, a rabin kuɗi, ka san abin da yake sayarwa. Na biyu, tafin ƙafa ko ƙarƙashin wutsiya. Na gaske yana da rubutun mallaka a tsare, harufa masu kaifi: sunan kamfanin fim na Toho ga Godzilla, Ghidorah, Mothra da Rodan. Gamera ba na Toho ba ne, kamfanin Daiei ne ya fito da shi a 1965, yanzu kuma yana hannun kamfanin Kadokawa, don haka Gamera mai tambarin Toho ƙarya ne tsagwaronta. Jabu ana kwafarsa ne daga jikin na gaske, shi ya sa rubutun yake fitowa a dagule, tsagin fata ya yi sulɓi, wani lokacin ma ya ɗan fi na gasken ƙanƙanta. Duba ido: ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko jan baki ya malalo kan haƙora. Da ka buɗe leda kuma wani wari mai hawa kai zai buge ka, jikin yana maiƙo tun yana sabo. Irin wannan a zafinmu shi yake fara narkewa, kuma in ya jingina da na gaske yana shafa masa launi. Ko na gaske da na gaske ma, bar yatsa biyu tsakaninsu kada su taɓa juna.

Movie Monster Series ba a kwali yake zuwa ba, 'yar takarda ce rataye a jikinsa. Kada ka yar da ita, masu saye suna tambayarta. Ka ce mai sayarwa ya turo hoton ainihin kayan, da tafin ƙafa da takardar, ba hoton kamfani ba. Shagunan Japan irin su AmiAmi, HobbyLink Japan da Mandarake an san su da kayan gaske, Mandarake ma na hannu ya fi sayarwa. Kafin ka biya ka tabbatar da hanyar da za su aiko zuwa Najeriya, ko kuma ka bi ta wakilin jigila. A dilolin gwanjo na Ƙofar Wambai jefi-jefi ana tsintar kayan wasa na waje, in ka ci karo da dodo ka juya ƙafarsa ka karanta kafin ciniki.

X-Plus ba shi da nauyi, amma kwalinsa ƙato ne, masu jigilar jirgin sama kuma suna cajin wanda ya fi yawa tsakanin nauyin sikeli da nauyin girma. Lissafin da yawancinsu suke yi: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5000. Kwali mai 40 da 35 da 30 ya zama 42,000, a raba, kilo 8.4 ke nan, ko da a sikeli bai kai kilo 3 ba. Yi wannan lissafin tun kafin ka danna saye, ka kuma ware wani abu na kwastam. Ka nemi a saka kwalin cikin wani kwalin. In ya iso kada a bar shi a but ɗin mota a rana, awa biyu a nan sun isa su lanƙwasa ƙayoyin baya. Wutsiyarsa a cire take zuwa: ɗumama ɓangaren da yake da rami har ya yi laushi kamar kunne, ka bar ɗaya ɓangaren da taurinsa, ka tura kana murzawa.

Kwalayen da ka cire kaya daga ciki, ka ajiye su a sama, nesa da daɓe, saboda gara da kyankyaso. Kada kuma ka bar roba mai laushi tana taɓa farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake tallafe talabijin da shi. Maiƙon PVC yana narkar da shi ya manne a jiki. Sa farar takarda marar rubutu a tsakani, ba jarida ba, tawada tana fita.

Wajen jerawa, kada ka wahalar da kanka da daidaita girma irin na fim. Godzillan 1954 mita 50 ne, Shin Godzilla na 2016 mita 118.5, amma a roba kusan tsayinsu ɗaya. Jera su bisa zamani ya fi daɗin kallo: na 1954 zuwa 1975 hawa ɗaya, na 1984 zuwa 1995 hawa ɗaya, na Amurka daga 2014 tare da Kong ɗinka hawa ɗaya. Juya kowanne ya ɗan karkata gefe, wutsiya ta nufi kusurwar baya, haka ƙayoyin suke fitowa kuma wuri ya ishe ka. Na baya a ɗora su kan ɗan dandamali mai santimita 5 zuwa 8. Waɗanda ka gyara wa ƙafa, sa musu ɗan tallafi a ƙarƙashin ƙirji ko gindin wutsiya daga Maris har ruwa ya sauka.

Malam_na_Ƙoƙi:

Ɗan'uwa, akwai abin da ba a taɓo ba, kuma gara ka san shi kafin ka kashe kuɗin gilashi. Malamai da yawa suna hana ajiye mutum-mutumin abu mai rai a gida, hujjarsu hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim cewa mala'iku ba sa shiga gidan da yake da kare ko sura. An yi rangwame ga kayan wasan yara saboda 'yan tsanan Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, amma ko rangwamen ya kai ga babba mai tarawa don ado, wannan sai ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa ka tambaya. A nan Kano ma a 2021 Hisbah ta hana teloli da masu shaguna amfani da mutum-mutumin tallan kaya, don haka ka san yadda jama'a suke kallon abin. Ko me ka yanke, kada shogilas ɗin ya kasance ta alƙibla ko a inda ake salla, falon baƙi ma bai dace da shi ba, kuma ka shawarci iyaye ko maigidan da kake zaune a ƙarƙashinsa.

Mai_Aluminiyam_KofarRuwa:

Allah ya saka, Malam. In haka ne sai a ƙara abu ɗaya a aikin: a ɗaura siririn ƙarfen labule a saman shogilas ɗin, ya zagayo gaba da gefe biyu, a rataya yadi mai kauri mai duhu, wajen yadi huɗu zai isa har da tattara. Yana rufe su daga ido, yana kuma tare hasken taga, wanda shi ne yake mayar da farar roba ruwan ɗorawa ya kuma kashe jan fenti. Labulen ya tsaya a gaba da gefe kawai, kada ya sauka ta baya ya rufe hudojin iska.